Keken Saƙar Ɗakin Saude

Ku dakata, ku sauko mini da kwalin nan tukuna. Tun safe nake kallonku kuna jeren ɗakin amarya ban ce komai ba, amma da na ga kun ɗauki keken saƙa sukutum kuna nema masa wurin ado a saman kabet, bakina ya ƙi yin shiru. Ku zauna ku sha ruwa. Zan ba ku labarin wani keke irinsa, kuma a ƙarshe akwai shari'ar da za ku yanke mini. Na sha ba mutane ita, har yau ban samu biyu da bakinsu ya zo ɗaya ba.

A kan tsaunin Mambila, can gaba da Gembu, akwai wani ƙaramin gari da ba a isa cikinsa sai an ƙetare kogi a kwalekwale. Ku da kuka tashi a nan ƙasa kuna kukan zafi, ba ku san abin da ake kira sanyi ba. Sanyin can da damina yake zuwa. Ruwa sai ya wuni yana yayyafi, gajimare ya sauko har bakin ƙofa, wankin da kika shanya yau ki taɓa shi jibi ki ji danshi.

A garin nan aka yi wata yarinya Saude, matar Haladu mai kai ayaba da fiya kasuwar Gembu. Lokacin aurenta wani kawunta mai fatauci ya kawo mata gudummawar keken saƙa, na gwanjo, cikin doguwar akwatinsa ta ƙarfe. 'Yan jere suka buɗe, suka ga allurai jere reras kamar haƙoran zarto, suka yi salati, suka rufe. Suka ɗora shi saman kabet, suka lulluɓe shi da leshi, daidai abin da kuke shirin yi yanzu. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta tambaya, a ce mata keken saƙa ne, ta ce masha Allah. Ba a taɓa samun wadda ta tambaya ko yana saƙar ba.

Da Saude ta samu cikin fari, ba ta tanadi ko tsumman jariri ba. Kun dai san al'adarmu. Mai cikin fari kunya ba ta barinta ta nuna ta san abin da take ɗauke da shi, kuma manya ba sa son a saya wa wanda bai iso ba kaya, suna ganin kamar an yi wa Allah shisshigi. An bar maganar sai ta shiga watan haihuwa, Haladu ya sayo komai a kasuwa lokaci ɗaya. Ana nan ya ƙetare da ayabarsa kamar kullum, aka kwana ana ruwa a bayansa, kogi ya cika ya batse, masu kwalekwale suka ɗaure jiragensu. Yana can tsallake haihuwa ta zo wa Saude, cikin yana wata bakwai. Ta haifi 'ya mace, kanta bai fi lemun zaƙi girma ba.

Ɗan asibitin garin ɗaki biyu ne, ba shi da kwalbar da ake sa bakwaini. Malamar asibitin ta duba jaririyar da kyau, sannan ta gaya wa Saude gaskiya. "Numfashinta lafiya lau, tana kuma kama nono kaɗan-kaɗan. Sanyi ne kawai zai raba ki da ita. Ki ɗaure ta a ƙirjinki, fata da fata. A nemo mata hula da safa masu kama jiki, kuma da sun jiƙe a canja."

Aka bazu gida-gida neman hula. Duk wadda aka aro sai ta zarme ta rufe wa yarinyar hanci. Aka naɗa mata ƙyallen atamfa, ya warware da ta motsa, in kuma ya jiƙe ba ya bushewa. Saude tana kwance rigingine da 'yarta a ƙirji, jim kaɗan ta kai hannu ta taɓa tafin ƙafarta, ta ji shi kamar cokalin da ya kwana a waje. Tsoro ya kama ta ƙwarai, irin wanda ke hana kuka fita. Tana kallon sama a haka idonta ya sauka kan leshin da ke saman kabet, ta ce a sauko mata da akwatin can.

Nan kallo ya samu. Aka kira telan garin, ya zagaya keken yana neman inda ake takawa da ƙafa, bai gani ba, ya nemi wurin ƙoshiya, babu. Aka kira wani tsohon masaƙi, ya ce sai an ja zare tun daga zaure har bayan gida kafin a fara. A kan alluran akwai wani abu mai mariƙi kamar dutsen guga, wanda ake turawa dama da hagu, mutanen gidan suka raɗa masa suna jirgi. Jirgin nan ya ƙi tafiya. Wata maƙwabciya mai son taimako ta tsiyaya masa man gyaɗa yadda take yi wa ƙofarta in tana ƙara, ya ƙara cijewa. Maza suka kakkaɓe riguna suka fita, suna cewa an dai sayar wa kawu mataccen kaya. Mata uku ne suka rage a ɗakin tare da mai jego.

Ta farko Barira ce, yayar Haladu, mai injin markaɗen garin. Mace ce mai saurin fushi, faratanta kullum baƙi da man inji, kuma ba ta yarda ƙarfe ya fi ta taurin kai ba. Ta aika aka rufe injinta, aka ɗauko mata bencin da take aiki a kai, ta ɗaure keken a jikinsa don teburin Saude rawa yake yi. Ta zare alluran ɗaya bayan ɗaya, ta wanke su da kananzir, ta goge man gyaɗar nan tana yi wa mai shi addu'ar shiriya da ƙarfi don ta ji. Ta mayar da su, ta ɗiga man keken ɗinki. Jirgi ya matsa taku kaɗan ya sake tsayawa. Ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashinsa, ta ga kawunan alluran sun ɗago sama suna tokare shi. In ta danne su da yatsa sai ya wuce. Ta ce lalle akwai abin da aka yi don ya riƙa danne su, ta shiga lalube. A gefen keken ta ga bakin wani ƙarfe siriri, ta tura shi da tsinke, sai ga shi ya fito ta ɗaya gefen, tsawonsa tsawon keken. A cikinsa akwai wani baƙin abu mai danƙo, ya marmashe kamar ƙanzo. Ta murza, ta sansana, ta gane soso ne ya ruɓe don daɗewa.

A duk garin ba inda za a samu soso sai a katifa. Barira kuwa tana da sabuwar katifa da ta shekara tana burin mallaka, ko ledarta ba ta cire ba, tana hana 'ya'yan maƙwabta zama a kai. Ta sa reza ta yanko gefenta daga sama har ƙasa. Yankan farko ya yi kauri, ƙarfen ya ƙi shiga. Na biyu ya yi siriri, alluran ba su kwanta ba. Kafin ta dace, gefen katifar ya koma kamar wanda ɓera ya yi wa biki. Ta manna wanda ya yi daidai da gam ɗin facin taya, ta bi bayansa da siririn ƙyalle, ta mayar da ƙarfen. Ta tura jirgi, ya wuce sululu har ƙarshe, alluran suna fitowa suna komawa bi da bi. Barira da ba a cika ganin haƙoranta ba ta tsaya tana ta tura shi tana dariya ita kaɗai.

To keke ya tashi, sai dai ba abin da zai ci. Zaren da ke garin na ɗinki ne, da na kitso, da na ɗinke buhu, ba wanda za a ɗora a fatar bakwaini. Nan ta biyu ta sa hannu, Ramatu, Bafulatanar da ke kawo nono gidan kowace safiya, har suka ƙulla ƙawance da Saude. Mijin Ramatu ya rasu daminar da ta wuce, ya bar mata suwaita ta ulu mai laushi, ruwan toka. Ita take sawa in za ta fita tatsa da asuba, kuma ba ta da wata. Har lokacin da ɗan ƙamshin hayaƙin ruga da na mai ita a jiki. Ramatu ta dubi ƙafar jaririyar, ta dubi keken, ta tuɓe suwaitar. Ta farke ɗinkin gefe, ta ja zare daga ƙasa, ya ƙi zuwa. Ta juya ta gwada daga wuya, sai ya fara warwarewa layi-layi. Tana ja tana hawaye, don ji take kamar yau ne ake fita da gawar mijinta.

Zaren ya fito a nannaɗe kamar gashin tunkiya. Da aka sa shi a keke sai ya riƙa sarƙewa yana kama alluran. Ramatu masaƙiyar faifai ce, ta san kaba ba ta biyayya sai ta sha ruwa, ta ce bari ta gwada ko ulu ma haka yake. Ta kife kujera ta naɗe zaren a ƙafafunta, ta zare shi da'ira guda, ta wanke da sabulu, ta riƙe shi a kan tururin tukunya tana juyawa. Tana kallo yana miƙewa, abin har ya ba ta mamaki. Ta busar da shi a gefen murhu, tana tsaye a kai don kada tartsatsi ya taɓa shi. Ta ga har yanzu yana da ɗan gashi-gashi mai maƙalewa, sai ta bi shi da kakin zuma tun daga farko har ƙarshe. Sannan ta naɗe shi sako-sako a jikin kwalba, ta zare kwalbar, zare ya riƙa fitowa daga tsakiya ba tare da fizga ba. Da yamma ta koma ruga cikin yayyafi da mayafi kawai. Tarin da ta kwasa a kwanakin nan bai rabu da ita ba, duk damina sai ya dawo.

Washegari Ramatu ta dawo, ga keke yana tafiya, ga zare ya yi santsi, amma saƙa ta ƙi fitowa. A zura zare, a tura jirgi, zare ya zubo ƙasa yadda aka sa shi. Ta uku ita ce Zulai, yayar Saude, makitsiyar da amaren garin ke layi a ƙofarta. Ita ba ta taɓa keken ba tun da aka fara, kallo kawai take yi, har Barira ta ce mata in kallo ta zo yi ta matsa ta ba mutane haske. Zulai ta roƙi allura ɗaya, ta koma bakin ƙofa da guntun zare. Ta ga bakin allurar ƙugiya ne, a ƙasansa kuma akwai ɗan harshe mai buɗewa da rufewa. Ta yi ta wasa da shi har ta gano dabarar. Sai in da tsohon zare a wuyan allura, ƙugiya ta kamo sabo, sannan tsohon ya ture harshen ya rufe, ya tsallake ya faɗa. Ashe keken ba ya farawa da kansa, sai an kafa masa layin farko da hannu. Ta dawo ta naɗa zare a wuyan kowace allura, yadda take kama gindin gashi in za ta fara kitso. Aka tura jirgi, layi ya kama.

Murna ba ta daɗe ba. A layi na biyu saƙar ta tattare sama ta cukurkuɗe, ta fice daga alluran. Aka warware aka sake, haka. Aka kuma sakewa, haka. Barira ta fara neman sukudireba za ta sake kwance keken. Ramatu ta ce a yi hankali, zaren ya fara lalacewa da yawan warwara, kuma ba wata suwaitar. Ranar ce kuma jaririyar ta ƙi kama nono tun safe, kukanta ya koma kamar na ɗan mage. Saude ta daina tambayar yadda ake ciki, ta juya fuska bango.

Zulai ta zauna tana kallon hannuwanta. Ta tuna in tana kitso, hannu ɗaya yana saƙawa, ɗayan kuma yana jan abin da aka riga aka kitse, in ta sassauta sai ya kwance. Ta sake kafa layi, ta cusa yatsunta ƙarƙashin alluran ta kama zaren ta ja ƙasa, ta ce wa Barira ta tura. Inda yatsunta suka riƙe ya saƙu, inda ba su kai ba ya fice. Ƙugiyoyin suka yayyage mata kan yatsu, ita da yatsun ne abincinta, amma ba ta saki ba sai da ta tabbata. Ashe keken yana zuwa da wasu ƙarafa masu nauyi da ake ratayawa, sun ɓace tun a hannun masu gwanjo. Ta karya tsohuwar lema ta zaro ƙarfe ɗaya, ta zura shi cikin layin farko. Ta rataya masa kwaɗon ɗaki, da kwaɗon akwati, da bakin gatari a tsakiya. A gefe da gefe ta soka matsefanta na kitso ta ɗaura musu cokula. Barira ta tura jirgi dama, ta dawo da shi hagu, ta sake turawa. Saƙa ta fara sauka ƙasa, lallausa, ruwan toka, ba rami ko ɗaya.

Hular farko ba ta yi ba. Zulai ta auna ta tana rataye da nauyi, da aka cire kwaɗuna sai ta tsuke a tsawo ta buɗe a faɗi. Ta warware, ta rage alluran, ta ƙara layi. Da ta kai, ta bi bakin saƙar da allurar hannu ta zuge shi kamar bakin jaka, ta ɗinke gefe, ta gwada a kan lemo. Sannan aka sa wa jaririyar, ta zauna mata cif, ta rufe kunnuwa ta bar hanci. Kafin la'asar an yi safa, washegari aka yi 'yar riga da wata hular ta canji. Suwaitar mutum ɗaya ta tufatar da yarinyar har da ragowa.

Saude ta kai hannu ta taɓa tafin ƙafar nan kamar yadda ta saba, ta ji ɗumi. Ta sake taɓawa don ba ta yarda ba. Jim kaɗan yarinyar ta lalubi nono ta kama da ƙarfi, sai a lokacin kukan da ya maƙale wa Saude ya fito. Malamar asibiti ta zo ta duba, ta ce in an ci gaba a haka, da yardar Allah ta tsallake.

Ana gobe suna kogi ya sauka. Haladu ya ƙetaro da jaka cike da kayan jarirai na kasuwa, mafi ƙanƙanta a ciki sai yarinyar ta shige hannun rigar. Aka zaunar da shi aka ba shi labari. Da niyyarsa ya sa wa 'yar sunan mahaifiyarsa, amma tsohuwar ta hana. "Ni na samu takwarori har sun ishe ni," in ji ta. "Ka sa mata sunan wadda ta riƙe maka ita kana tsallaken kogi."

Nan gida ya rabu uku. Dangin Haladu suka ce Barira ce, don keken gawa ne sai da ta tashe shi, kuma ba don ita ba da zaren Ramatu da dabarar Zulai ba su samu wurin aiki ba. Matan unguwa suka ce Ramatu ce. Ita ba dangin uwa ba, ba dangin uba ba, ba abin da ya wajaba a kanta, kuma abin da ya ɗumama yarinyar daga jikinta aka cire shi. Katifa ana sake saya, in ji su, yatsa yana warkewa, amma suwaitar mamaci ba ta dawowa. Dangin Saude suka ce Zulai ce, don keke da zare sun wuni tare a ɗaki ɗaya ba su haifar da komai ba, yarinyar kuma tana ta yin sanyi, sai da ta gano yadda ake farawa.

Su ukun kuwa, kowacce ta ce don Allah ta yi. Amma ni mace ce, na san abin da ke ransu. Barira ba ta taɓa haihuwa ba, tana son a ce akwai mai amsa sunanta a gidan ubanta. Ramatu baƙuwa ce a garin, takwara za ta ba ta gidan da za ta shiga ba sallamar nono ba. Zulai maza ta jera, ta gaji da kitsa 'ya'yan mutane, tana son kan da za ta ce nata ne.

Da safe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka raba goro, rago yana ɗaure, mahauci ya wasa wuƙa. A cikin gida matan uku suna zaune kusa da Saude, ɗaya da tsumma a yatsu, ɗaya tana danne tari, ɗaya tana kallon ƙasa kamar ba ruwanta. Liman ya karkato da kunne wajen Haladu ya ce, "Wane suna?"

A nan zan tsaya. Kada wadda ta ce mini uwar ce ta fi wahala, na sani, amma ba a sa wa 'ya sunan uwarta. Kada ku ce kawu mai keke, namiji ne. Kada kuma ku ce a haɗa suna uku, rago ɗaya ne, suna ɗaya liman zai kira. Kwalin nan kuwa ba zai hau kabet ba, yau za a buɗe shi a duba sosonsa. To, ku da kuka iya jere, ku gaya mini: Barira, ko Ramatu, ko Zulai, sunan wace ce ya kamata Haladu ya raɗa wa liman?